Tayar keke ta tsage? Juya cikinta ka duba kafin ka jefar da ita

Yau maganar tayar keke na zo da ita, duk da cewa gyaran waya ne sana'ata. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. To, fetur ne ya haɗa su. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Nan Fulatan, a ƙaramar hukumar Rogo, duk kekunan da aka jingine a zaure da bayan rumbu sai da suka fito. Ni ma tsohon Phoenix ɗin mahaifina na goge, da shi nake zuwa ƙauyukan kewaye in karɓo wayoyin mutane in mayar musu. Ranar da ba ni da taya, ranar akwai wanda zai kwana ba waya, wani ma da wayar yake karɓar kuɗin cinikinsa.

Sabuwar taya kuwa yanzu ba abin da za ka saya da canjin aljihu ba ne. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Legas a 2008, kuma yawancin tayoyin keken da muke gani a kasuwa daga waje ake shigo da su. Dala ta motsa, su ma su motsa. Don haka duk wanda ya san yadda zai ƙara wa tsohuwar tayarsa wata uku ko huɗu, ya rage wa kansa asara.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke amfani da ita: keke ya yi faci, a kai wa mai faci, a yi masa faci. Kalmar nan tana ɓoye mana cewa abu biyu ne a ƙafar keke. Akwai tiyub, shi ke riƙe iska. Akwai taya, ita ke riƙe tiyub. Hujin tiyub kowa ya san maganinsa. Tsagewar taya ce mutane ba sa kula da ita, kuma ita ce ke sa mutum ya yi ta zarya wajen mai faci yana zargin an cuce shi.

Kusa da teburina akwai wani dattijo mai faci, a ƙarƙashin darbejiya. Kayan aikinsa duka ba su cika akwati ɗaya ba: famfo, liba biyu, almakashi, samfefa, gwangwanin sholisho, basilla, da tsohon daro na ruwa. Idan babu mai kawo waya, wajensa nake zama in sa ido. Yawancin abin da zan faɗa a nan a bakinsa na ji, ko a hannunsa na gani.

Wata rana a lokacin rake, wani mutum ya zo yana tura keke, ransa a ɓace. Rake yake sarowa ya kai ƙauyuka. Ya ce sau uku ke nan cikin mako ɗaya ana yi masa faci a wurare daban-daban, kuma kowane lokaci ba ya yin nisa sai iska ta fita, yau ma ga raken can ya bari a hanya a hannun wani yaro. A cewarsa masu faci sun daina tsoron Allah. Baba bai tanka ba. Ya ciro tiyub ɗin ya shimfiɗa a cinyarsa, sai ga faci uku sun hau kan juna a wuri ɗaya. Ya ce, “Malam, tiyub ɗinka ba shi da laifi, masu facin ma ba su da laifin manne. Miƙo min tayar.” Ya juya cikinta waje, ya lanƙwasa ta da yatsu, sai ga tsaga ta buɗe baki a gefe, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Idan babu iska ba ka ganinta sam. Da an buga iska sai ta buɗe, tiyub ya leƙo, bakin tsagar ya yi ta cizonsa har ya huda.

Ya dube ni ya ce, “Kai mai waya, a wajenku ba a yin haka?” Na ce, “Ana yi mana, Baba.” Sau nawa ake kawo min waya an canja mata wajen caji sau biyu, alhali cajar da ke gida ce ke ƙona shi? Sau nawa ake sa sabon gilashi ya sake ɗagowa, saboda batirin da ke ƙarƙashinsa ya kumbura yana turo shi? Idan ba ka nemo abin da ya kashe na farko ba, shi zai kashe na biyu.

Abin da ya fi burge ni a aikin Baba shi ne yadda yake karanta huji kamar yadda nake karanta mita. Ɗan ƙaramin huji guda ɗaya a bayan tiyub, wato ɓangaren da ke kallon ƙasa, wannan ƙaya ce ko ƙusa, kuma sau da yawa tana nan maƙale a cikin taya. Tsidau ya fi kowa wannan aikin, don ƙayarsa gajeriya ce, tana karyewa a cikin roba ta zauna shiru. Ƙayar aduwa ita doguwa ce, ka kan gan ta. Idan ka ga tsaga biyu gajeru a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi ƙaranci, ka daki dutse ko bakin rami, rim ya datse tiyub. Wannan shi ne ciwon masu ɗora buhu a kariya ba su ƙara iska ba. Idan hujin yana ciki, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to kan sifok ne ya leƙo, ko kuma robar da ake shimfiɗawa a cikin rim ta yage ko ta goce. Idan kuwa tiyub ya fashe da ƙara, wurin ya yi kaca-kaca, kar ka ɓata lokaci, nemi tsaga a jikin taya.

Akwai kuma wanda babu huji ko ɗaya, iska ce kawai ke sulalewa cikin dare. Kekunanmu irin su Phoenix da Raleigh suna da bawul mai 'yar siririyar roba a ciki, robar nan tana tsufa ta tsattsage. Ɗiga ruwa ko yawu a bakin bawul ɗin, idan ya yi kumfa ka kama ɓarawon. Canja robar kawai, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga abin da ya sa tsagewar taya ta fi huji haɗari. Baƙar robar da kake gani a waje sutura ce. Ƙarfin taya yana cikin zaren da aka saƙa a ƙarƙashin robar, layi a kan layi a gicciye, sai kuma waya ta ƙarfe da ke zagaye da bakinta ta kowane gefe, wadda ke kama rim. Zaren nan shi ke ɗauke da nauyin iska, kuma iskar ba kaɗan ba ce. Tayar keke irin tamu tana ɗaukar kamar 40 zuwa 50 a ma'aunin PSI, alhali ta ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Eh, iskar keke ta fi ta mota matsi. Saboda haka idan kwalba ta yanki robar waje kawai ba ta taɓa zare ba, ba komai, ci gaba da tafiyarka. Idan ta yanke zare, an yi wa katanga ƙofa, kuma duk abin da ka shafa ta waje iska za ta ture shi. Ta ciki ake tare ta.

Ga yadda ake yi. Ka sauke iskar duka, ka tura bakin tayar zuwa tsakiyar rim inda ya fi zurfi, sannan ka sa liba. Don Allah ban da sukudireba, bakinta yana ƙara wani hujin. Idan babu liba, bayan cokali ya fi ta. Kafin ka raba taya da rim, sa alama da alli ko biro a jikin tayar daidai inda bawul yake. Idan ka samo huji a tiyub, sai ka ɗora shi a kan taya, bawul a kan alama, nan take za ka san inda za ka duba. In ba haka ba sai ka yi ta lalube zagaye guda.

Wajen laluben ma kar ka sa yatsa tsirara, gilashi ko guntun waya zai yanke ka. Ɗauki auduga ko tsumma ka goga a cikin tayar, duk inda ƙaya take za ta kama zaren tsumman. Nan kuma wayarka tana da amfani: shiga inuwa ko ɗaki, kunna fitilarta ka sa a cikin tayar, ka riƙa lanƙwasa robar kaɗan-kaɗan kana dubawa ta waje. Inda haske ya ɓullo, nan ne. Wannan dabarar kam ni na nuna wa Baba, ya yi dariya ya ce ashe wayar tana da wani aikin ban da cinye kuɗin kati.

To ka samo tsagar. Abin da kake buƙata shi ne wani abu mai ƙarfi, marar kauri, wanda ba ya miƙewa, ka shimfiɗa a ciki tsakanin taya da tiyub. Ka riƙe wannan: wanda ba ya miƙewa. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, sai su yanko tsohon tiyub su liƙa. Tiyub roba ce zalla, babu zare a cikinta, da iska ta matsa sai ya bi ta tsagar ya kumburo waje tare da na ciki. Abin da ya fi kyau shi ne gefen wata tsohuwar tayar keke, inda ya fi siriri. Ka yanke wayar bakin ka jefar, ka fitar da yanki wanda ya zarce tsagar da kamar faɗin yatsa biyu ta kowane ɓangare. Ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, ka feƙe gefunansa da reza su yi fele-fele, don kaifin gefe shi ma yana cin tiyub a hankali. Sai ka goge cikin tayar da samfefa, ka share ƙura, ka shafa sholisho a duka biyun, ka jira su sha iska, ka haɗa ka danne sosai. Baba yakan ɗora wani yankin tsohon tiyub a samansa. A nan ne tiyub ke da amfani, a matsayin katifa.

Idan a hanya abin ya same ka, babu tsohuwar taya, guntun buhun taki ko na shinkafa da aka ninka biyu ko uku zai kai ka gida. Haka ma yankin wandon jins, ko robar man goge baki da ya ƙare, a tsaga ta a wanke. Ba sai an sa gam ba, iskar da kanta za ta danne shi. A bidiyoyin YouTube za ka ga Turawa suna ninke takardar dala suna cusawa, wasu kuma za su ce ai naira 20 da 50 ɗinmu na leda ne, sun ma fi ƙarfi. Gaskiya ne suna da ƙarfi, amma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana wulaƙanta naira, ga buhu kuma ko'ina a yashe kyauta. Ni dai ban ga dalili ba.

Tsagar da ta ɗan yi tsawo, musamman a gefe, tana son ɗinki kafin a yi mata shimfiɗa. Da basilla da zaren ɗinkin takalmi ake yi, irin na roba ɗin nan da ba ya ruɓewa. Kar ka soka dab da bakin tsagar, zaren taya a wurin ya riga ya saki, zai ɓalle. Ja baya kaɗan inda yake da lafiya. Ɗinkin ya zama kusa da kusa, ka ja har bakin ya haɗu amma kar ya tattare, ƙullin kuma ya kasance a waje. Ɗinki a kan wajen da ke taka ƙasa ba ya daɗewa, hanya za ta cinye zaren, shi ya sa a can shimfiɗar ciki ce mai aikin. Tayar mai raken nan haka Baba ya yi mata, ɗinki da shimfiɗa, ya sa masa sabon tiyub tunda tsohon ya gaji. Har aka gama kakar rake ina ganinsa yana wucewa da ita.

Bari in yi magana a kan gam, don nan ne fannina. Sufa gulu ba ya wannan aikin. Idan ya bushe ƙanƙara yake zama, taya kuwa duk juyi ɗaya sai ta lotsa ta miƙe, sai ya farfashe, gutsattsarinsa ma su huda tiyub. An sha tambayata ko B-7000 da muke manne gilashin waya da shi zai yi. Yana da laushi kam, zai iya riƙe shimfiɗa a wurinta kafin ka mayar da tiyub, amma bai dace da facin tiyub ba. Sholisho an yi shi ne don roba. Roba ce aka narkar a cikin wani ruwa mai saurin tashi, idan ruwan ya tashi sai ya bar siririn fatar roba mai kama 'yar uwarta. Shi ya sa ake jira. Wanda ya shafa ya manna nan take ya rufe ruwan a ciki, facin zai yi ta zamewa. Ba shi kamar minti biyar, har ƙyallinsa ya dushe. Kar ka hura da baki, kar ka taɓa da yatsa don ka gwada. Wasu suna ƙyasta masa ashana don sauri, Baba ya ce shi bai taɓa ganin saurin da ya kai a ƙona tiyub ɗin mutum ba. Sannan a rufe gwangwanin a ɓoye shi daga yara, duk mun san abin da wasu ke yi da sholisho.

Facin tiyub ɗin kansa ba wuya. Ka goge da samfefa fiye da faɗin facin har wurin ya daina sheƙi, saboda akwai wani santsi da tiyub ke fitowa da shi daga masana'anta wanda gam ba ya kamawa. Idan facin kanti ne mai takardar azurfa a baya, tiyub kaɗai za ka shafa wa, ka ɓare takardar ka ɗora ba tare da ka taɓa fuskar ba. Idan daga tsohon tiyub ka yanko, sai ka goge shi shi ma ka shafa wa duka biyun. Ka murza da gindin liba daga tsakiya zuwa gefe. Ka barbaɗa hoda ko 'yar ƙura mai laushi don kar ya manne da taya. Hujin da ke gindin bawul kuwa ba ya facuwa, sai sabo.

Wajen mayarwa, sa wa tiyub 'yar iska kaɗan ya yi siffa, don kar ya naɗe. Fara da bawul, ka tabbata ya tsaya a miƙe. Ƙarshen bakin tayar yi ƙoƙari ka tura da tafin hannu. Buga rabin iska ka tsaya, ka juya ƙafar a hankali kana kallon wurin gyaran. Idan ya kwanta daidai da sauran, cika. Idan ka ga ya yi ƙulu kamar ƙurji, sauke, shimfiɗar ta yi ƙanƙanta ko ta goce.

Wace ƙafa za a sa tayar da aka gyara? Nan ni da Baba mun ɗan saɓa. Shi ya ce gaba, tunda baya ke ɗaukar kaya. Ni na ce baya, saboda idan ta baya ta fashe keke zai yi ta wutsil-wutsil ne ka tsaya, ta gaba kuwa idan ta fashe kana gangara, kai da ƙasa ne, ga wayoyin mutane a jaka. Ya ce ai ni ba na ɗaukar buhun masara. Gaskiyarsa ne. Mai ɗaukar kaya masu nauyi yana tafiya a hankali zai iya bin maganar Baba. Ɗan makaranta mai gudu da safe don kar a rufe ƙofa, ni dai tasa mai lafiyar ta zauna a gaba.

Akwai abin da nake yawan gani a hanyar Rogo da ta Karaye: an naɗe taya da rim gaba ɗaya da igiyar roba a inda ta tsage. Zai iya fitar da kai daga daji, amma kekuna masu birkin ƙarfe a jikin rim suke kamawa, duk zagaye sai naɗin ya daki birki, ƙarshenta mutum ya kwance birkin ya ci gaba da tafiya a haka. Wannan kam a'a. Haka hawa keke ba iska, ko da gidan yana kusa, yana tauna zaren gefen taya duka zagaye, ƙaramar matsala ta koma sayen sabuwa har da gyaran rim. Sauka ka tura.

Wata tayar kuma haƙuri za a yi da ita. Idan tsagar tana dab da wayar baki, ko wayar ta fito fili, babu inda shimfiɗa za ta kama. Idan tsawonta ya wuce gaɓar yatsa biyu, ko gefen duk ya yi zane-zanen tsufa saboda rana, ko ta suɗe har zare ya bayyana a wurare da yawa, duk abin da ka kashe a kanta ka ƙara ne a kan kuɗin sabuwar da za ka saya gobe.

Idan za ka sayo, ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohuwar da wayarka kafin ka tafi Karaye ko Kano. Phoenix da Raleigh irin na iyayenmu 28 x 1½ ne, wani lokaci za ka ga 40-635 a kusa. Akwai kekunan gwanjo da su ma ake ce wa tayarsu 28, amma lambarsu ta ƙare da 622, kuma ba sa shiga rim ɗin juna ko za ka kwana kana fama. Masu faɗin taya na hawa tudu yawanci 26 ne, lambarsu 559. Lambar ƙarshen nan ita za ka nuna wa mai shago. Tsohuwar kuma kar ka bar wa yara su yi gare da ita tukuna, yanke gefenta mai lafiya guda biyu ko uku ka sa a jakar da ke ƙarƙashin sirdi, tare da faci da ƙaramin sholisho.